Sakan Tara Ya Yi Wa Mama Yawa

Litinin, da hantsi

Mama ta sha kunu, rabin kofi.

Na kwashe kayan ɗinkinta daga kan tebur na jera nawa. Keken ɗinkin kuwa na tura shi lungu na lulluɓe da zani, don na lura idonta yana yawan komawa kansa. Ogana ya sake kira daga Kaduna, yana tambayar yaushe zan koma ofis. Na ce masa ina Ikara, Ikara kuma ba ta sallame ni ba tukuna.

Likitan Zariya ya faɗa, kuma ni na yarda: hankalinta garau yake. Tana ji, tana ganewa, in ka buɗe mata littafi tana karantawa. Harshe ne da hannuwa suka ƙi. Wuya yana juyawa. To, wuyan nan shi ne jarinmu.

Ga abin da nake so in haɗa. Ina da ’yar ƙaramar kwamfuta, faifai ɗaya kore, ba ta fi tafin hannuna ba, ko akwati ba ta da shi. Zan sa mata kyamara ta riƙa bin motsin kan Mama, da allo mai haruffa, da lasifika. Mama ta nuna harafi da kai, ita kuma ta furta. Na gwada da waya, amma muryar wayar ba ta iya Hausa ba, kuma da netwok ya ɗauke sai ta yi gum. Ƙawata Lubna, wadda muka yi karatu tare, tana Zariya tana koya wa babbar kwamfutarsu muryar Mama daga saƙonnin murya da ta yi ta aiko mini shekara da shekaru. Yawancinsu faɗa ne. Allah ya sa ban goge ba.

Tambayar ɗaya ce: ’yar abar nan za ta iya ɗaukar kayan?

Abin da ya faru ranar kasuwa, ranar da ta faɗi jikinta ya shanye, ba zan rubuta shi ba.

Litinin, bayan la’asar

Na yi mata awon farko. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, kai huɗu gare ta. Na ba kai ɗaya aikin zaƙulo lambobin da ba sa rabuwa, na duba nawa ya samo. Sannan na saki huɗun gaba ɗaya. Sun ninka aikin kusan sau huɗu, ba wanda ya taka ƙafar wani. Na tafa ni kaɗai kamar wata zautacciya.

Na juyo na ce, “Mama, yarinyar nan da ƙarfinta.”

Ta ɗaga gira. Na san girar nan. Ma’anarta: za mu gani.

Laraba, da safe

Kawu Simeon ya zo daga Kurmin Kogi a kan babur, da buhun masara a baya. Shi ne wan Mama, shi kaɗai ya rage mata. Na durƙusa na gaishe shi, muka bi gida da gona da awaki ɗaya bayan ɗaya. Sai ya shiga ɗaki, ya tsaya a kanta, ya cire hula.

“Sannu, Rosaline. Sannu.” Da ƙarfi, kamar mai kiran wani a ƙetaren rafi.

Daga nan bai ƙara yi mata magana ba. Ni ya juyo yana yi wa.

“Serah, baiwar Allahn nan ba ta san inda take ba. Gara a mai da ita gida. Akwai ɗaki a baya, ba hayaniya, matata za ta kula da ita. Ke kuma ki koma aikinki.”

“Kawu, tana jin ka fa.”

“Ji daban, ganewa daban, ’yata.”

“Ka ba ni lokaci kaɗan. Da bakinta za ta gaya maka ba za ta je ba.”

Ya dubi teburina, wayoyi ko’ina, ya dubi faifan koren nan. Bai yi dariya ba, wannan na yaba masa. Ya ce Lahadi ta uku zai zo da mota, kafin ruwa ya sauka hanya ta ɓaci.

Duk wannan magana idon Mama yana kan rufin ɗaki. Jijiyar wuyanta kawai na ga tana harbawa.

Alhamis, da azahar

Mama ta ci tuwo loma uku. Zafi. Ban yi komai ba.

Asabar, da azahar

Muryar ta iso.

Na loda ta, na rage ƙarar lasifika, na fita da kayan tsakar gida don kada Mama ta ji tukuna. Na rubuta jimlar da zan riƙa awo da ita kullum, don awo ba ya zama awo sai mudun bai canza ba: “Ku ba ni ruwa in sha, kuma a buɗe taga.” Na danna.

Shiru. Shiru. Har na ɗauka wani abu ya lalace.

Sai Mama ta yi magana daga cikin akwatin lasifika. Har da ’yar dusashewar nan da take yi a ƙarshen kalma.

Inna Lantana, maƙwabciyarmu, tana shanya a bayan katanga. Ta yar da bokiti ta shigo da gudu, ɗankwali a hannu, tana cewa, “Ta tashi? Maman Serah ta tashi?” Da ta ga ni ce zaune da wayoyi sai ta dafe ƙirji ta yi salati. Na yi mata bayani. Ta ce in sake. Na sake. Muka zauna a bakin rijiya mu biyu, ba wadda ta kalli ’yar’uwarta.

Amma aiki aiki ne. Na duba agogon awo: sakan tara daga dannawa zuwa fitowar murya. Na maimaita sau da yawa, yana nan wajen tara.

Na gaya wa kaina tara ba komai ba ne. Wanda ya yi wata biyu shiru, me sakan tara zai yi masa?

Lahadi, bayan an taso coci

Ashe zai yi masa.

Matan Zumunta na cocinmu sun zo gaisuwa, su biyar, da anko ɗinsu. Shekara goma sha ɗaya Mama tana shugabantarsu. Na ce ga dama ta samu. Na kafa allo a gabanta, na saita kyamara.

Tun daga nan abin ya fara ba ni kunya. Kibiyar da ke kan allo ba ta bin kan Mama yadda ya kamata. Ta juya dama, kibiya ta tsaya tana tunani, sannan ta yi tsalle ta wuce harafin. Gumi ya keto mata. Duk da haka ta daure. Mama Martina, mataimakiyarta, ta tambaye ta, “Shugaba, kina jin zafi a wani wuri?” Mama ta yi ta fama har ta haɗa “A’a, da sauƙi.” Ta nuna wurin furtawa.

Kowa ya yi shiru yana jira. Mata biyar ba sa iya dogon shiru. Wata ta ce wa ta kusa da ita, “Af, kin ji ’yar gidan Iliyasu ta haihu? Namiji ne?”

Sai lasifika ta ce, da muryar Mama, “A’a, da sauƙi.”

Suka fashe da dariya. Ba da mugunta ba, wallahi, abin ne ya zo daidai. Har ni sai da bakina ya motsa. Da na waiga, Mama ta rufe ido ta juya kai bango. Ba ta buɗe ba har suka yi addu’a suka tafi.

Matar da ba a taɓa riga ta magana ba a garin nan.

Litinin, da safe

Na kawo allo. Ta juya kai. Kunu ma ta ƙi.

Talata, da magariba

Na kama ɓarawon!

Tun da asuba na fara awo, ina maimaitawa duk bayan ɗan lokaci, ba na canza komai. Da sanyin safiya jimlar tana fita a sakan biyar. Da hantsi shida da wani abu. Rana na take tsaka, tara. Kwamfuta ɗaya, jimla ɗaya. Me ya canza? Sai na sa ta riƙa nuna mini zafin jikinta da saurin bugunta gefe da gefe, ina kallo.

Ga shi ƙiri-ƙiri. Da zafinta ya taɓa digiri tamanin sai ta rage gudu da kanta, kusan rabi, don kada ta ƙone. Ba rauni gare ta ba. Kwanon ɗakinmu ne ke dafa ta. Awon da na yi ranar farko gajere ne, ba ta kai ga yin zafi ba, shi ya sa ta ruɗe ni.

Na yi tsalle har na buge gwiwa da tebur. Na je bakin gado na ce, “Mama, ba laifinki ba ne, ba nawa ba ne. Zazzaɓi take yi. Zazzaɓi kuwa muna da maganinsa.”

Ba ta juyo ba. Amma na ga ta buɗe ido ɗaya.

Laraba, da la’asar

Na je shagon Bilya mai gyaran rediyo a bakin tasha. Na tono wata matacciyar amfilifaya a cikin tarkacensa, na nuna masa ƙarfen da ke ciki mai shanye zafi, mai haƙora kamar matsefi, ya yanko mini daidai girman da na zana. Na haɗa da ’yar fanka daga tsohuwar kwamfuta. Yana ta tambaya ko injin haƙar kuɗin intanet nake haɗawa. Na ce masa ya fi wannan.

Na manna ƙarfen a kan furosesa, na ɗaure fanka. Na sa kai huɗun aiki mai nauyi na bar su suna ta nishi tun azahar. Zafi ya hau, ya hau, ya tsaya a sittin da biyu. Ya tsaya! Gudu bai ragu ba ko kaɗan.

Sai kuma na gano wani munafukin. Cajar da nake ba ta wuta da ita ba ta ƙoshar da ita, da aiki ya yi nauyi sai wuta ta yi ƙasa, ita kuma ta ja birki. Na canza waya mai kauri, na ɗauko wuta kai tsaye daga batirin sola.

Sakan huɗu da rabi, da tsakar rana, a watan zafi, a Ikara. Rabi ya tafi.

Mama ta ci ɗanwake. Inna Lantana ce ta kawo.

Juma’a, da azahar

Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Akwai hanyar da ake tilasta wa furosesa ta yi gudun da ya wuce wanda aka yi ta da shi. Na ƙara kaɗan, awo ya yi kyau. Na ƙara, ya ƙara kyau, sakan huɗu ya koma uku da wani abu. Sai na ce bari in ɗan ƙara na ƙarshe.

Allo ya daskare. Na kashe na kunna. Baƙi ƙirin. Katin ajiyar da komai ke ciki ya hargitse, kwamfuta ba ta ma gane shi. Muryar, da haruffan, da duk saitin da na yi.

Na fita bayan gida na zauna kan turmi. Ban san na daɗe ba sai da Inna Lantana ta leƙo ta katanga.

“Ke Serah, lafiya? Jikin ne?”

“Na kashe muryar, Inna.”

“Ita wadda ta aiko miki, ta mutu ne?”

“A’a.”

“To tashi ki wanke fuska. Ni zan zauna da ita gobe. Zariya ba Makka ba ce.”

Asabar, da yamma, a mota

Lubna tana da kwafi. Ta ba ni kati biyu, ta ce in na sake yin ganganci ta san inda nake. Mun baro Zariya, hadari yana haɗuwa ta gabas, bai zubo ba.

Lahadi, da safe

Ban je coci ba. Saura Lahadi ɗaya. Na mai da gudun furosesa yadda masu ita suka yi ta. Ba zan ƙara taɓawa ba.

Na yi mafarkin ranar kasuwa. Ba zan rubuta ba.

Litinin, da hantsi

Yau na bar murya na koma kan kibiya. Na buɗe wurin da ke nuna abin da kowane kai yake yi. Ashe kyamara ce ke cinye kusan uku cikin huɗun. Kowane hoto sai ta nemi fuska, ta nemi ido, ta nemi hanci, ta tabbatar mutum ne. Hoto shida kawai take iya gamawa a sakan ɗaya, shi ya sa kibiya ke tsalle kamar fara. Muryar kuma an bar ta da kai ɗaya tana ja.

Na zauna ina kallon lambobin. Me ya kai ni neman fuska? Na san fuskar uwata. Ɗigo ɗaya nake buƙata, mai ƙyalli, wanda za a bi ba tare da tunani ba.

Na ɓalle ɗan ƙyalƙyali ɗaya daga tsohon gyalen da Inna Lantana ta ba ni, na manna a tsakiyar tabaran karatun Mama. Na sake rubuta umarnin: bar fuska, bi abin da ya fi haske. Na fara gwadawa a kaina.

Hoto talatin a sakan. Kai ɗaya ma bai cika ba. Kibiya tana bin kaina sumul kamar an ɗaure ta da zare. Ukun da suka huta na tura su kan murya: sakan biyu!

Na yi guɗa. Ban iya guɗa ba, abin ya fito kamar kukan zabuwa, amma na yi.

Talata, da la’asar

Yau ranar tarihi ce, bari in rubuta a tsanake.

Lubna ta ce akwai dabarar matse muryar ta zama ƙarama, ta fi sauri. Na matse. Awo ya sauko sakan ɗaya da ɗan kai. Sai dai muryar ta koma kamar ta mai mura tana magana cikin kwalba. Na ce ba komai, sauri muke nema. Ina ta maimaita jimlar awo a kan tebur, na ba gado baya.

Sai na ji gado yana ƙara. Na waiga. Mama tana buga kai a filo, idonta a kan tabarau. Rabonta da yarda a kawo allo tun ranar matan Zumunta.

Na ɗauko na sa mata. Na kafa allo. Ta ɗan juya kai, kibiya ta bi. Ta tsaya. Ta juya hagu, ta bi. Na ga ta gane abin ya canza. Sai ta fara, harafi bayan harafi, ba tsalle, ba kuskure. Ban leƙa ba, na jira.

Lasifika ta ce, da muryar mai mura, “Wannan ba ni ba ce. Mai da tawa.”

Maganarta ta farko gare ni ke nan. Ba “’yata” ba, ba “na gode” ba. Na durƙusa a ƙasa ina dariya, hawaye na shiga mini baki. Na ce, “To, ranki ya daɗe, an mai da.”

Na mai da ta asali. Sakan biyu. Ta saurara, ta rubuta: “Ta yi. Amma tana da nawa.”

Ta ci tuwo, ta cinye.

Alhamis, da azahar

Ta ce da nawa, to da nawa.

Kwana biyu ina juya abin. Na raba awon gida-gida don in ga ina lokacin ke tafiya. Ashe sai ta gama haɗa jimlar duka take buɗe baki. Wa ke magana haka? Mutum yana fara faɗa ne sauran na biyowa. Na gyara: da ta haɗa kalmomin farko ta sake su, tana furtawa tana haɗa na gaba. Tunda haɗawar ta fi furtawar sauri, ba za ta taɓa yin tuntuɓe ba, muddin ba ta yi zafi ba.

Na auna. Na sake aunawa don ban yarda ba. Na kulle taga, na kashe fankar ɗaki, na bar ta cikin zafin azahar tana aiki ba hutu, na kuma aunawa.

Ƙasa da rabin sakan. Ko’ina, kowane lokaci.

Daga tara! ’Yar abar da ba ta fi tafin hannuna ba!

Sannan na yi wa Mama wuri a gefen allo na maganganun da za ta furta da nuni ɗaya. Na ce ta zaɓa da kanta. Na zaci za ta ce ruwa, ko bayan gida. Na farko da ta zaɓa shi ne “Dakata.” Na biyu, “Ba haka aka yi ba.”

Inna Lantana ta shigo da yamma tana ba da labarin rigimar masu awo a kasuwa. Ba ta kai rabi ba aka ce mata, “Ba haka aka yi ba.” Ta riƙe baki. “Ke da kike kwance, ina kika sani?” Suka yi ta yi har aka kira magariba.

Asabar, da yamma

Gobe ne.

Na ƙara maɓalli ɗaya babba a tsakiyar allo: “Ba zan je ba.” Na nuna mata. Na ce, “Mama, nuni ɗaya kawai, shi ke nan, ki bar mini sauran.”

Ta daɗe tana kallona. Ta fara rubuta wani abu, ta goge. Ta ce, “Kashe. Na gaji.”

Lahadi, da magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Kawu ya zo bayan coci da motar haya, an shimfiɗa katifa a baya. Na riga na zaunar da Mama a kujera, na ɗaura mata ɗankwalinta mai ruwan goro, tabarau a fuska, allo a gaba. Ya shigo ya ce, “Sannu, Rosaline,” da ƙarfin nan nasa, ya juyo gare ni.

“To, ’yata, an haɗa kayanta?”

“Ba inda za ta, Kawu.”

“Serah, kada mu yi haka. Ke yarinya ce, aikinki na can yana lalacewa. Ita kuwa baiwar Allahn nan, ko nan ko can duk ɗaya ne a wurinta.”

“Ba ɗaya ba ne! Ɗakin baya za ku kai ta ku rufe kamar buhu!”

Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Shi ma ya ɗaga. Ina faɗa yana faɗa, ina satar kallon Mama, ina cewa a raina, danna mana, danna.

“Dakata.”

Kawu ya yi tsit, bakinsa a buɗe. Ya dubi ƙofa, ya dubi taga. Sannan ya dubi ƙanwarsa. Karon farko ke nan da ya dube ta sosai.

Kanta yana motsi a hankali. 

“Yaya Simeon. Ni ba kurma ba ce. Rage murya.”

Hular da ke hannunsa ta faɗi. Ya zauna a ƙasa, dattijo mai furfura, ya kama ƙafarta. “Rosa? Ke ce? Duk abin da na faɗa kin ji?”

“Duka.”

Ya kifa fuska a gwiwarta, kafaɗunsa na girgiza. Ni kuwa ƙirjina kamar zai fashe don alfahari. Na ce, “Mama, gaya masa.” Na nuna babban maɓallin da yatsa.

Kibiya ta zo kansa, ta kewaye shi, ta wuce kan haruffa.

“Zan je.”

Na ce, “Mama, kuskure ne, bari in...”

“Dakata.”

Ni aka ce wa. Da na’urar da na haɗa da hannuna.

Ta ɗauki lokaci tana rubutu, muna jira, kuma wannan karon jiran nata ne, ba na kwamfuta ba.

“Sati uku ƙeyarki nake kallo. Na gode. Amma ɗakin nan ya ishe ni. Can akwai mutane. Ruwa ya kusa, ina so in ga an shuka gonata.”

Ta juya kan Kawu. “Ba ɗakin baya ba. Gindin mangwaro, inda ake wucewa. Kuma kada a ba kowa aron gonar.”

“An gama, Rosa. Wallahi an gama.”

“Ke kuma ki koma aiki. Ki zo ƙarshen wata.”

Na fita tsakar gida. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na yi ta zagaya rijiya. Can sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ta tsayawa. Me na ce wa Kawu? Na ce da bakinta za ta faɗa. To ta faɗa. Ta katse mutum biyu suna tsakiyar faɗa, kafin ɗayanmu ya ja numfashi. Wace babbar kwamfuta ce a Zariya ta taɓa yin wannan?

An ɗaga tafiyar zuwa Laraba, don ta ce ba za ta shiga garinsu ba kitso ba.

Litinin, da safe

Na kira Oga. Na kira Lubna, ta yi ihu har waya ta ɗauke. Bilya yana ƙera akwatin katako mai ramukan iska.

Alhamis, da hantsi, Kurmin Kogi

Jiya muka iso. Inna Lantana ta rako mu har tasha tana kuka, Mama ta ce mata ta daina, ba lahira za ta ba.

Na kafa faifan sola a kan rumfa, na ɗaure akwatin a hannun kujera. Na koya wa Anti Rahila, matar Kawu, kunnawa da kashewa da goge ƙurar fanka, na bar mata kati na biyu a cikin gwangwani. Da sassafe aka fito da Mama gindin mangwaro. Kafin rana ta ɗaga mutane sun cika wurin, wasu gaisuwa, wasu kallo. Na tsuguna a bayan kujera na yi awon ƙarshe tana tsakiyar hira: zafi hamsin da takwas, gudu cikakke, ba ta ja birki ko sau ɗaya ba. Na rufe akwatin na ɗaure shi tam.

Na durƙusa na yi mata sallama. Ta daɗe tana kallona, kibiya na yawo a allo ba ta sauka ko’ina ba. Sannan ta ce, “Allah ya yi miki albarka. Tafi, za ki rasa mota.”

Ina rubuta wannan a bakin hanya, kan jakata, ina jiran mai babur. Gidan yana bayana, da ɗan nisa. Kawu ya gano inda ake ƙara ƙarar lasifika, ya murɗe ta har ƙarshe. Daga nan ina jiyo ta sarai, har masu wucewa suna waigawa:

“Yaya Simeon! Wannan irin masarar na bara ne. Ba shi za a shuka mini ba.”